Kafin ka sayi kwalbar bitamin D saboda cikinka

Duk wanda ya daɗe yana fama da cikin da ba ya jin magana ya san zagayen da ake yi. A yi gwajin taifot a sha magani, a koma a ce olsa ce, daga nan wani ya ce ai basir ne a nemo mai jiƙo, ciki kuma yana nan yadda yake: yau kumburi, gobe murɗa, jibi gudawa, bayan kwana uku bayan gida ya ƙi fita. Yanzu bitamin D ne ya shigo layi. A manyan kemis na Terminus da titin Ahmadu Bello a nan Jos za ka ga kwalabensa jere, daga mai IU 400 har mai IU 50,000 (IU shi ne ma'aunin adadin bitamin ɗin), kuma da yawan masu saye ba don ƙashi suke saye ba, don hanji ne.

A taƙaice dai, bitamin D maganin ƙarancin bitamin D ne. Idan kana da ƙarancin, ka gyara shi, ko da IBS ko babu, wato wannan ciwon hanji mai kumburi da murɗa da gudawa ko taurin bayan gida. Amma kada ka sa ran shi zai kwantar maka da hanji, kuma idan ka sha shi ba bisa ƙa'ida ba, zai iya kawo maka irin ciwon da kake gudu.

Da farko a tabbatar IBS ɗin ne. Likitoci suna aiki da ƙa'idar da ake kira Rome IV, wadda aka fitar a 2016: ciwon ciki mai zuwa yana dawowa, aƙalla rana ɗaya a mako cikin wata uku da suka wuce, wanda ya faro wata shida baya ko fiye, tare da biyu daga cikin abubuwa uku, wato ciwon yana da alaƙa da fita bayan gida, ko yawan fitar ya sauya, ko kamannin bayan gidan ya sauya. Ba rauni ba ne a hanji, ba kuma ƙwayar cuta ba. Matsala ce ta yadda hanji da ƙwaƙwalwa suke musayar saƙo, har iskar da wani ba zai ji ta ba, mai IBS ya ji kamar an hura masa ganga. Wani gudawa ta fi damunsa, wani taurin bayan gida, wani kuma su riƙa karɓa-karɓa. Wani lokaci yana farawa ne bayan mutum ya yi wata gudawa mai tsanani ta gurɓataccen abinci ko ruwa: ƙwayar cutar ta tafi, hanjin bai koma daidai ba.

A ƙasarmu ba a saurin sa wa ciwon ciki wannan suna sai an duba bayan gida a lab, domin atini da tsutsar ciki da giyardiya, wata ƙwayar cuta mai sa gudawa, duk suna kwaikwayonsa. Akwai kuma alamomin da in an gan su, maganar kwalbar bitamin ta ƙare, sai asibiti: jini a bayan gida ko bayan gida baƙi ƙirin, rama ba dalili, ƙarancin jini, zazzaɓi mai naci, gudawar da ke tashin mutum daga barci, ƙullutu a ciki, ciwon da ya fara bayan shekara 50, ko tarihin kansar hanji a dangi. Mace mai shekaru da cikinta ya fara kumburi ba ya saɓewa, a duba mata mahaifa da ƙwan haihuwa tukuna.

To daga ina maganar bitamin D ta samo asali? Ba daga iska ba. An yi ta auna jinin masu IBS a ƙasashe daban-daban ana samun da yawansu bitamin ɗinsu ya yi ƙasa. Ga shi kuma bangon hanji yana da wuraren da wannan bitamin ke aiki, yana da hannu a harkar garkuwar jiki da kumburi. Sai aka gwada. A Iran, a wani gwaji da aka buga a 2016, an ɗauki mutum 90, aka ba rabi IU 50,000 duk mako biyu har wata shida, aka ba rabi ƙwayar bogi, kuma waɗanda suka sha na gasken sun fi samun sauƙi. A Masar, a 2018, an ba matasa masu IBS da ke da ƙarancin bitamin ɗin IU 2,000 kullum har wata shida, su ma aka ga ci gaba. Waɗannan ne labaran da masu talla ke riƙewa.

Abin da ba su cika faɗa ba shi ne gwajin Jami'ar Sheffield ta Ingila, wanda sakamakonsa ya fito a 2021. Mutum 135, IU 3,000 kullum ta hanyar feshi a baki, mako 12. Bitamin ɗin ya hau a jinin waɗanda suka sha, babu gardama. Amma ciwon cikinsu da jin daɗin rayuwarsu ba su bambanta da na masu feshin bogi ba. Masu wannan binciken su ne ma suka daɗe suna zargin akwai alaƙa, don haka ba za a ce sun shiga da niyyar ƙaryatawa ba.

Ana iya fahimtar yadda ƙarancin ke haɗuwa da IBS ba tare da ɗaya ya haifi ɗaya ba. Mai gudawar da ba ta sallama ba ya son nisa da banɗaki, saboda haka ba ya fita. Ya daina shan madara, ya bar ƙwai, yana tsoron kifi mai maiƙo. Wata shida a haka, ina bitamin zai fito? A irin wannan hali, ciwon ne ya jawo ƙarancin. Ka cike ƙarancin, ƙashinka da tsokarka su gode maka, hanjin kuwa yana nan da halinsa.

Mutanen Jos sun fi kowa cancantar gane irin wannan rikici, don a garin nan aka taɓa warware makamancinsa. Cutar da ke lanƙwasa ƙafafun yara, su yi gwame ko su buɗe kamar baka, duniya ta san ta a matsayin cutar rashin bitamin D. Sai Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos suka raba yara 123 masu wannan cuta gida uku: wasu bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam (sinadarin da ke gina ƙashi) kaɗai, wasu duka biyu. Bayan mako 24, waɗanda suka kusa warkewa sarai a cikin masu bitamin D kaɗai kashi 19 ne cikin ɗari, masu kalsiyam kashi 61, masu duka biyu kashi 58. An buga wannan a 1999. Rana ba ta yi wa yaran nan rowa ba, abincinsu ne ba kalsiyam, abin da suke samu bai wuce miligiram 200 da 'yan kai a rana ba. Sunan da aka saba jingina wa ciwo daban, abin da jikin ya rasa daban.

Wannan ba ya nufin kowa a Filato ya ƙoshi da bitamin D. Fata ce ke ƙera shi idan hasken rana mai ƙarfi ya taɓa ta kai tsaye, kuma baƙar fata ta fi farar fata buƙatar lokaci. Gilashin mota ko na taga yana tare irin hasken da ake buƙata, don haka ma'aikacin da ke fita daga gida zuwa mota zuwa ofis bai sha rana ba ko da ya yi gumi. Matan da ke kulle, tsofaffin da ba sa fita, masu ƙiba sosai, masu ciwon hanta ko ƙoda, su ne a sahun gaba. Ka lura da yadda ake shan hantsi a Jos lokacin hunturu: mutum ya sa rigar sanyi biyu, hula, safa, ya naɗe da mayafi, hancinsa kaɗai ke waje, ƙarfe bakwai da rabi na safe, ga hazo ya rufe sama. Wannan jin ɗumi ne, ba ƙera bitamin ba. Ma'aunin da ba ya buƙatar agogo shi ne inuwa: lokacin da inuwarka ta fi ka gajarta, hasken yana aiki. Hannuwa da ƙafafu a buɗe, minti 20 zuwa 30, sau uku ko huɗu a mako, ko a tsakar gida ne inda ba mai gani. Rana ba ta sa bitamin ya yi wa jiki yawa, fata tana da birkinta. Kwalba ba ta da shi.

Abinci kuwa taimakonsa kaɗan ne. Kifi mai maiƙo irin su titus da sadin su ne na gaba, sai gwaiduwar ƙwai mai wajen IU 40 kowace ɗaya, sai madarar gari da bota waɗanda aka ƙara wa bitamin.

In za a auna, sunan gwajin 25-hydroxyvitamin D, a takarda za ka ga an rubuta 25(OH)D. Akwai wani mai kama da shi, 1,25, wanda ba shi ake nema ba, domin yana iya fitowa daidai alhali rumbun bitamin ɗin a jiki ya kusa ƙarewa. Ba sai an yi azumi ba kafin a ɗebi jinin. Idan sakamako ya fito, kada ka tsaya kan lambar kaɗai, dubi harufan da ke gefenta. Wasu lab suna rubuta ng/mL, wasu nmol/L, kuma na biyun ya ninka na farkon sau biyu da rabi. Lamba 40 a ng/mL lafiya lau ce. Lamba 40 a nmol/L daidai take da 16 a ng/mL, wato ta gaza. Ƙasa da 12 ng/mL ƙaranci ne na gaske. Tsakanin 12 da 20 bai wadatar ba. Daga 20 zuwa sama ya ishi yawancin mutane, ko da yake wasu likitoci sun fi son su ga 30. Mutumin da nasa ya kai 28 yana ta neman ya kai 70 don hanji ya kwanta, kuɗinsa kawai yake zubarwa.

Gwajin yana da tsada, ba kowane lab ke yin sa ba. Wanda ba shi da hali, kuma yana cikin waɗanda ba sa samun rana, ba laifi ya sha ƙaramin adadi ba tare da awo ba: IU 400 zuwa 1,000 a rana. Abin da baligi ke buƙata a rana IU 600 ne, bayan shekara 70 kuma 800. Iyakar da ba a so a wuce ba tare da likita ba ita ce IU 4,000 a rana. Wasu kwalabe da maikirogiram suke lissafi, mcg ko µg. Kowane ɗaya IU 40 ne, saboda haka 25 mcg shi ne IU 1,000, 10 mcg kuma IU 400. D3 ya fi D2 ɗaga jini da daɗewa a jiki, in akwai zaɓi a ɗauke shi.

Inda ake yin ɓarna shi ne kafso mai IU 50,000. Wannan na wanda awo ya nuna yana da ƙaranci ne, kuma yadda aka saba bayarwa ɗaya ne a mako, har mako takwas, sannan a sauko kan ƙaramin adadi. A mako, ba a rana ba. Kafson ɗan mitsitsi ne, bai fi na IU 1,000 girma ba, shi ya sa mutum ke jefa shi baki kowace safiya kamar sauran. Wata guda a haka IU miliyan ɗaya da rabi ke nan. Bitamin D ba ya fita ta fitsari kamar bitamin C, a kitse yake taruwa, ya riƙa janyo kalsiyam cikin jini har ya wuce kima. Alamomin kuwa su ne abin takaici: taurin bayan gida, ciwon ciki, tashin zuciya, rashin cin abinci, kasala. Mai IBS zai ce ciwonsa ne ya motsa, wataƙila ma ya ƙara adadi. Abin da ke tona asirin shi ne ƙishirwa mai yawa da yawan fitsari har cikin dare, wani lokaci da ruɗewar tunani. Duk mai shan babban adadi da ya ga haka, ya dakata nan take, ya je a auna masa kalsiyam da aikin ƙoda. Ko an daina sha, yakan ɗauki makonni ko watanni kafin ya sauka. Haka allurar bitamin D mai IU dubu ɗari uku ko ɗari shida, ba abin da za a yi a bayan kanta ba ne, don in ta shiga ba a fito da ita.

Sai kuma haɗa-haɗe. Mutum yana shan maltibitamin mai D a ciki, ga ƙwayar kalsiyam mai D, ga man hantar kifi, ga kwalbar D ɗin kanta. A tara su a yi lissafi. Man hantar kifi yana ɗauke da bitamin A mai yawa, mai ciki ta bar shi. Kuma a kiyayi alfacalcidol da calcitriol: su ma ana kiransu bitamin D, amma nau'i ne mai kaifi da ake ba masu ciwon ƙoda, adadinsa kamar 0.25 mcg, ba na gyaran ƙarancin yau da kullum ba ne.

Ga mai IBS, abin da aka cakuɗa bitamin ɗin da shi ya kan fi bitamin ɗin kansa tasiri a ciki. Juya kwalbar, ka karanta ƙananan rubutun baya. In ka ga sorbitol, mannitol, xylitol ko maltitol, waɗannan kayan zaƙi ne da hanji ba ya tsotsewa da kyau, suna jawo ruwa su kawo iska da gudawa, kuma sun fi yawa a na taunawa da masu kama da alewa da na feshi. Inulin shi ma mai kumbura ciki ne. In an haɗa da calcium carbonate, mai taurin bayan gida zai ƙara taurara. In an haɗa da magnesium, mai gudawa zai ƙara gudu. In akwai sinadarin ƙarin jini a ciki, bayan gida zai yi baƙi ya yi tauri. Mafi sauƙi shi ne D3 zalla a cikin mai, ɗigo ko ƙaramin kafso, ba tarkace. Wanda ya damu da halaccin bawon kafso, tunda gelatin ne kuma ba kullum ake faɗin dabbar ba, ya ɗauki ɗigo ko ƙwaya. Shi D3 ɗin kansa yawanci daga maiƙon gashin tumaki ake samo shi. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma kwalbar da ta kwana biyu tana shan rana a tire ko a gilashin shago, a bar wa mai ita.

A sha shi tare da abinci mai ɗan maiƙo, don da maiƙo ya fi shiga jiki. Ba sai an cika mai ba, musamman da yake soye-soye na tayar da IBS. Ƙwai ɗaya, ɗan ƙulli na gyaɗa, ko tuwo da miya mai manja ya wadatar. Shan sa da ruwan shayi a kan yunwa yana rage abin da ke shiga jiki. Mai shan man paraffin don sassauta ciki ya sani yana wanke bitamin ɗin ya fita da shi.

Akwai waɗanda ba za su fara ba sai da izinin likita: mai tsakuwar ƙoda ko ciwon ƙoda, mai tarin tibi, mai shan digoxin na zuciya, da mai shan maganin hawan jini mai hydrochlorothiazide, irin su Moduretic da ya yawaita a gidajenmu, domin yana riƙe kalsiyam a jiki. Wasu magunguna kuma saurin ƙone bitamin ɗin suke yi, kamar rifampicin na tibi da magungunan farfaɗiya irin phenytoin da carbamazepine da phenobarbital, masu shan su kan buƙaci adadin da likita ne zai tsara.

In mutum ya ce duk da haka zai gwada ya ga ko cikinsa zai amsa, to ya gwada da tsari. IBS ciwo ne mai hawa da sauka, kuma mutane kan sayi sabon magani ne a ranar da abin ya fi tsanani, daga nan kuwa ko ba a sha komai ba sauƙi ne ke biyowa. A gwaje-gwajen IBS, kusan mutum huɗu cikin goma na masu shan ƙwayar bogi sukan ce sun ji dama. Don haka a sami ɗan littafi. Mako biyu kafin a fara, kowane dare a rubuta abu huɗu: ciwo daga 0 zuwa 10, kumburi daga 0 zuwa 10, sau nawa aka fita, da kamannin bayan gida bisa ma'aunin Bristol mai hawa bakwai, inda 1 yake kamar kashin awaki, 4 mai laushi a miƙe, 7 ruwa tsululu. Mace ta sa alamar kwanakin al'ada, don suna motsa ciwon. Sannan a fara bitamin ɗin shi kaɗai, kada a sauya abinci ko a ƙara wani magani a wannan lokacin, kada kuma a fara a bakin azumi ko lokacin jarrabawa. A ba shi mako 12, wanda shi ne kuma lokacin da ya dace a sake awon jini. In jini ya hau lambobin littafi ba su motsa ba, an sami amsa.

Abubuwan da suka fi bitamin D hujja a kan IBS ba su da kwalba mai ƙyalli. Cin abinci a kan lokaci, ba a wuni da yunwa a zo a nannaga da dare ba. Rage kofi, lemon kwalba da yaji mai yawa. Ga mai tauri, garin ispaghula irin Fybogel, a fara da rabin ƙunshi a kofin ruwa cike, a ƙara a hankali, in aka yi gaggawa iska ce za ta biyo baya. Dusar alkama kuwa ta kan ƙara dagula lamarin. Ga murɗa, akwai Buscopan, da mebeverine 135 mg sau uku minti 20 kafin abinci, da kafson man na'a-na'a wanda ake haɗiyewa ba a taunawa, in ba haka ba ƙwannafi. Ga gudawa, loperamide. In abin ya ƙi, likita kan ba da amitriptyline ɗan kaɗan, kamar 10 mg da dare, ba don yana zaton taɓin hankali ba, don yana rage jin zafin hanji ne.

Sai tsarin abincin da Jami'ar Monash ta Ostireliya ta fito da shi, mai suna FODMAP, wanda a tukunyarmu yana nufin a ɗan jingine albasa, tafarnuwa, wake da 'ya'yansa ƙosai da alala, burodi da taliya, madara, zuma, mangwaro, kankana da tuffa na mako huɗu zuwa shida. Albasa ce mai wuya, don ba miyar da ba ta shiga. Dabarar ita ce a soya ta a mai a tsame ta a zubar, ƙamshin ya zauna a man, abin da ke kumbura cikin kuwa ba ya narkewa a mai. Koren ganyen albasa ma ba ya damu. Kasuwar Farin Gada cike take da abin da ya rage: dankalin turawa, karas, kokwamba, latas, koren tattasai, ga shinkafa da gero da abarba da gwanda da lemu. Bayan makonnin sai a riƙa dawo da abu ɗaya-ɗaya, kowanne kwana uku, ana rubutawa a littafin nan: rana ta farko kaɗan, ta biyu matsakaici, ta uku yadda aka saba ci. Wanda ya tayar da ciki a rage shi, wanda bai tayar ba ya koma tukunya, sannan a huta kwana biyu ko uku kafin a gwada na gaba.